Ɗana ya samu gurbin karatun injiniya, amma jikina ya yi sanyi

Mai Burtsatse:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ni sana'ata haƙa rijiyar burtsatse da haɗa mata sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, da sola, a nan Kano, yau shekara 19. Ban taka jami'a ba. Makarantar koyon sana'a na yi, daga nan na zauna hannun wani maigida a Sharaɗa shekara shida ina naɗin kwayil, har Allah ya sa na buɗe nawa wurin. Yanzu yara tara ne a ƙarƙashina, uku da iyalinsu.

Babban ɗana ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki a wata jami'ar tarayya. Ranar da sunansa ya fito, mahaifiyarsa har waina ta sa aka soya aka raba wa maƙwabta. Ni ma na yi murna a baki, amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa, kuma ga dalili.

Bara wani ɗan bautar ƙasa ya zo da takarda yana roƙon in karɓe shi ya yi shekararsa a wurina. Yaro mai ladabi, ba ya wuce ka bai rusuna ba. Ya nuna min kwalinsa: injiniyan lantarki, digiri mai daraja ta biyu, ɓangaren sama. Na ce alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mana mai yi mana lissafi. Kwana uku da zuwansa aka kawo batiran inbata guda huɗu daga wani gida a Hotoro, mai gidan yana ƙorafin ba sa kai shi asuba. Na miƙa wa yaron mitar gwaji na ce ya duba min bolt nawa kowanne yake bayarwa. Ashe jar wayar mitar tana cikin ramin auna amfiya, yadda wani ya bar ta. Bai duba ba. Ya ɗora wayoyin biyu a kan kawunan batirin, sai ji muka yi fat, fiyus ɗin mitar ya tafi. Ƙaramin yaron shagona, ɗan shekara 16 da ko ƙaramar sakandare bai gama ba, ya tuntsire da dariya har sai da na daka masa tsawa.

Da yamma na ja shi gefe na ce, ɗana, tsakaninka da Allah, sau nawa ka taɓa riƙe abin nan? Ya sunkuyar da kai ya ce sau biyu. A shekara biyar! Ya ce in an shiga ɗakin gwaji su kusan talatin ne a kan teburi ɗaya, mutum ɗaya ke taɓa kaya, saura su leƙa ta kafaɗarsa su kwafi lamba. Ranar da ba wuta kuwa, sai a rubuta musu lambobin a allo su je su zana jadawali.

Shi ɗan nawa tun yana aji huɗu na sakandare yake bi na aiki in an yi hutu. Ya iya ɗora farantin sola a rufin kwano, ya iya haɗa inbata shi kaɗai. In na riƙe shi, nan da shekara biyar da yardar Allah ya yi aurensa da guminsa. In ya tafi jami'a, shekara biyar ɗin a takarda ce kawai. Ɗan maƙwabcina ya shiga a 2018, sai 2025 ya fito, ga shi can bakin titi ƙarƙashin lema da na'urar POS. Ba na raina neman halak, amma ai wannan ba sai an yi shekara bakwai ana lissafi ake iya ta ba.

Sannan shi kansa kwalin. Kun tuna ƙarshen 2023, da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, bai zauna a aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi? Sai da gwamnati ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Tun daga lokacin nake tambayar kaina, in takarda ta zama abin da ake aike a sayo kamar atamfa, ina darajar ta wanda ya sha wuya?

Ku da kuka yi karatun nan, da ku masu koyar da shi: har yanzu digirin injiniya yana biyan wahalarsa? In bar shi ya tafi, ko in riƙe shi? Ku faɗa min gaskiya, ba na jin haushi.

Ɗan Panteka:

Wa alaikumus salam Alhaji. Riƙe abinka. Ni a Tsohuwar Panteka nake nan Kaduna, walda da ƙera injuna. Duk ƙarshen shekarar karatu 'yan ajin ƙarshe suna zuwa mana da zane a hannu, wai aikin kammalawa: injin sussukar masara, injin ɓarar gyaɗa, injin markaɗe. Rabin zanen ba ya ƙeruwa. Wani zai zana maka noti a lungun da sifana ba za ta taɓa shiga ba. Sai mu ajiye takardar mu ƙera yadda muka sani, su biya, su shafa fenti, su tsaya a gefensa a ɗauke su hoto da rigar aiki sabuwa fil, ko ɗigon baƙin mai babu. Ranar da za su kare aikin gaban malamai wani har waya yake yi min, wai Oga in an tambaye ni me ya sa fulin nan ya fi wancan girma me zan ce? Ni da na tsaya a firamare, ni ke ba injiniya satar amsa. Kwali ba ya ɗaure noti. Ka ba yaro jari kawai.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:

Mai Burtsatse, Allah ya yi wa yaro albarka. Ni na gama injiniyan kanikanci a Zariya a 1980, na yi shekara 22 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, yanzu ina gida ina fama da jikoki. Jikata ce ke buga min wannan, in kun ga kuskure nata ne.

Akwai abin da mu tsofaffi muke yawan faɗa, wai mu mun fito daga jami'a da aiki a hannu. Cika baki ne. Gaskiya mun fi yaran yanzu gata: ajinmu bai kai mutum arba'in ba, kowa ya tsaya a kan injin feƙe ƙarfe da kansa, kowa ya yi walda, kuma malamai suna da lokacinmu. Amma bari in ba ka labarin makona na farko a masaƙa. Aka ce a sauya boris a wani shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. Na ɗauko guduma zan buga shi ya shiga. Fomanmu, wani dattijo da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa da boko, ya riƙe min hannu bai ce uffan ba. Ya sa aka ɗora mai a wuta, ya tsoma boris ɗin ya ɗan jima, ya ciro shi da tsumma, ya zura a shaf ɗin ya wuce sulul. Da ya huce ya kama gam. Buɗewar ƙarfe in ya ji zafi, ni fa na ci jarrabawa a kanta da maki mai kyau, har lissafin na iya. Amma ko kusa ban kawo wa raina cewa abin cikin littafin nan shi ne wannan ba. Shekara biyu na yi ina injiniya ɗan koyo, ina bin dattijon nan kamar jela, kafin a bar ni in sa hannu a kan komai. Daga baya kuma shi ke zuwa ofishina in inji ya zo da sabon abu, ya ce yaro karanta mana takardar.

Ka ga tun asali rabin aikin jami'a take yi, ɗaya rabin na masana'anta ne. A zamaninmu kafin ka gama, kamfanoni ke zuwa har makaranta nemanka. Kaduna kaɗai ga masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957, ga masaƙun UNTL da Arewa, ga Peugeot da suka fara haɗa mota a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a shekarar da na gama. Bauchi ga Steyr masu haɗa manyan motoci. Kano ga Bompai da Sharaɗa da Challawa suna hayaƙi dare da rana. Katsina da Jos aka kafa musu kamfanonin mulmula ƙarfe. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta kuwa, akwai abokaina da aka kai har Tarayyar Sobiyat horo dominta, suka dawo suka tsufa suna jiran ranar da za a hura babban tanderun.

Daga 1986 da aka kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, naira ta faɗi, kayan gyara da na ɗakin gwaji suka gagari saye, albashin malami ya zama abin dariya, manyan malamai suka kama hanyar waje. Masana'antu suka bi, ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Da in an tashi aiki a Kakuri ba ka samun wurin sa ƙafa saboda kekunan ma'aikata. Je ka yanzu ka ga ciyawa. To yaron da ya ƙona maka fiyus, wane foman ne ya taɓa riƙe masa hannu? Rabin farko an ba shi a gurguje, rabi na biyu kuma wurin bayarwar ma an kulle.

Ni dai na ce ka bar shi ya tafi. Ɗanka yana da abin da dubu ba su da shi, masana'antarsa tana gidan ubansa, kuma kai ne fomansa. Sannan ka sani COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ba ta yi wa mutum rajistar injiniya sai da digirin da ta amince da shi, ko abin da ya yi daidai da shi, da shekara huɗu na aiki bayan nan. Ranar da za a ba da aikin ruwan gari guda, mai hatimi za a kira, kai da ka iya aikin ka zama ɗan kwangilar ɗan kwangila. Ina jin ka taɓa ɗanɗana wannan.

'Yar Kankare:

Baba Mai Burtsatse, da girmamawa, amma ka fama min tsohon miki. Kullum mu ake kawowa misali a yi dariya, ba mai tambayar yadda aka yi muka fito haka.

Ni injiniyar gine-gine ce, na shiga a 2017 na fito a 2024. Yajin aikin ASUU na wata uku daga Nuwamban 2018 ya same ni, na 2020 da ya haɗu da korona ya ci wata tara, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Duk dawowa sai a matse zango a yi shi a guje, kuma abin da ake fara yankewa shi ne aikin hannu, tunda shi ba a iya karanto shi a lasifika.

Akwai gwajin da ya kamata duk injiniyan gini ya yi da hannunsa. A kwaɓa kankare, a zuba a mazubi mai milimita 150 ta kowane gefe, a jiƙa a ruwa, a fasa wasu a kwana 7 wasu a kwana 28 a ga nauyin da za su iya ɗauka. Mun kwaɓa, mun zuba, simintin ma karo-karo muka yi muka saya. Kwana 28 ya cika aka ce ai injin fasawar ya lalace tun kafin mu shigo makarantar. Aka ba mu lambobin 'yan shekarun baya muka rubuta rahoto. Dunƙulen kankarenmu har na gama suna nan bayan ɗakin, masu gadi na zama a kai suna shan shayi.

SIWES fa, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu? Tun 1973 ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro shi don cike wannan giɓin, wata shida a aji huɗu. Wuri goma sha huɗu na kai takarda. Wasu su ce ba sa ɗaukar mata, wasu su ce sai da katin wani babba. Na ƙare a wani ofis inda aikina sayo wa oga abinci da yin fotokwafi, littafin rahoto kuma na cika shi da ayyukan da ban gani ba, aka buga min hatimi. Wata biyun ƙarshe na roƙi wani ɗan kwangila ya bar ni in riƙa tsayawa a wurin gini kyauta. Wani mai ɗaurin rodi ne ya koya min yadda zanen da na iya karantawa yake komawa ƙarfe, Allah ya saka masa.

Yanzu ina aiki a wurin gini, kuma ga abin da ba a faɗa. Takarda ta ce kwaɓin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Ina juya baya sai ya koma shida da goma sha biyu, a ƙara ruwa don ya yi saurin zuba. Na kai ƙara wurin maigidan aikin ya ce, ke lissafi kika iya, mu gini muka iya. Wurin farko da na nema bayan bautar ƙasa, albashin da suka yi min tayi bai kai naira 77,000 ɗin da gwamnati ke ba mu alawus ba. To ko an koya mana da kyau, wa ke saye? Hatimin suke so a kan takarda, ba sa son mai hatimin ta buɗe baki.

Baba, laifi tudu ne. Bayan ya ƙona fiyus ɗin, ka zaunar da shi ka koya masa? Kuma a shekara 19 ɗin nan ɗaliban SIWES nawa ka taɓa karɓa? Riƙe mitar gwaji karatun yini ɗaya ne. Ilimin da ke cikin kan yaron can, mai dariyar ba zai ɗauke shi a yini ɗaya ba. Shi kuma Malam na Panteka, kuɗin ɗaliban ai ba ka taɓa mayar musu ba.

Malam Mai Alli:

Ni ina cikin waɗanda ake tuhuma. Shekara 14 ina koyarwa a tsangayar injiniya ta wata jami'a, kuma duk abin da 'yar nan ta faɗa na gani da idona.

Ɗakin gwajinmu don mutum arba'in aka gina shi. Bana masu ɗaukar darasina a aji biyu sun haura ɗari biyu. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tana ƙoƙari, kuma a riƙa tunawa gwagwarmayar ASUU ce ta haifar da asusun tun 1993, lokacin ana kiransa ETF. Tana gina ɗakuna, tana sayo injuna, amma kuɗin wuta da man janareta da sandar walda na jami'a ne. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato Band A, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, mu dai wutarmu da awo ake ba mu. Akwai injin da ya zo mana shekara huɗu da suka wuce, har yau ba a cire ledarsa ba, don ma'aikacin da zai sarrafa shi ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba. In masu tantance kwasa-kwasanmu za su zo sai ka ga an yi fenti, an aro kaya, an aro har malamai. Baƙi na juya baya kowa ya zo ya ɗauki abinsa. Ni da kaina na taɓa mayar da wani inji ga masu shi a bayan motata, ba zan ɓoye ba.

Sai dai ɓarnar ba a ƙofarmu ta fara ba. Yaro zai zo da A a lissafi daga cibiyar jarrabawar da kowa ya san yadda ake ci a cikinta, ka rubuta masa V = IR ka ce ya fitar da R, ya tsaya yana kallonka. Jami'o'i sun haura 250 a ƙasar nan, kowacce na son a ce tana da tsangayar injiniya, alhali ƙwararrun malamai raguwa suke yi. Ofis biyu da ke jikin nawa masu su suna ƙasar waje. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai.

Ɗan abin da ke ba ni fata shi ne a Yunin 2023 COREN ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna. Tsarin yana auna abin da ɗalibi ya iya yi bayan an koyar da shi. Takardun cikewa dai sun ƙaru mana sosai. Ko aikin zai bi takardun, muna nan muna gani.

Alhaji, kada sunan jami'a ya ruɗe ka, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ka tabbatar sashen yana da amincewar COREN. Ka je da ƙafarka ranar aiki ba tare da sanarwa ba, ka ce a nuna maka ɗakin injunan lantarki; kai ka san inji mai aiki da wanda aka goge wa ƙura. A kowane aji ina samun mutum goma ko sha biyar da ba na jin kunyar nuna su ko'ina, kuma yawancinsu ko 'yan difloma ne da suka shigo daga aji biyu, ko yaran da suka taso a gareji da shago irin naka. In ina bayanin abin da ke ƙona kwayil su ke gyaɗa kai, don sun san ƙaurinsa.

Mai Burtsatse:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Kakuri, Allah ya ƙara lafiya. Maganar ɗan kwangilar ɗan kwangila kamar kana wurin. Rijiya goma sha biyu na taɓa yi a wata ƙaramar hukuma, wanda sunansa ke kan allon aikin sau ɗaya ya zo, ranar hoto.

'Yata 'Yar Kankare, kin kama ni. SIWES ban taɓa karɓar kowa ba. In sun zo cewa nake ba wuri, don ina tsoron su ɓata min kaya. Kuma akwai ragowar labarin yaron nan da ban faɗa ba, ko mantuwa ce ko son kai, Allah ya sani.

Wata biyar bayan maganar fiyus, akwai wata gonar kaji a hanyar Zariya da sumo mai doki ɗaya da rabi ya ƙone mana sau biyu cikin wata huɗu. Na farko na ce jabu ne, na je na yi ta faɗa da mai shagon da ya sayar min. Na biyu daga aljihuna na biya. Yarana sun gwada wuta a bakin rijiya, bolt 215, lafiya ƙalau. Mun zura na uku ke nan za mu haɗa kaya, sai yaron nan, wanda tun ranar dariya ba ya magana sai an tambaye shi, ya ce Oga, daga ɗakin janareta zuwa nan mita nawa ne? Muka taka, wajen 120. Zurfin sumo fa? Na ce 60. Wayar fa? Mai gonar ne ya binne ta tun kafin mu zo, muka duba bakinta, siririya ce mai lamba 1.5, tamu ta cikin rijiya ma haka.

Ya tsuguna ya ɗauki tsinke yana rubutu a ƙasa. Ya ce wuta zuwa take yi ta dawo, don haka mita 360 za a lissafa, ba 180 ba. Sumon yana jan wajen amfiya 9, a wannan siririyar waya kusan bolt 40 ne ke zubewa a hanya. Yarana suka ce ai mun gwada. Ya ce kun gwada sumo yana kashe, in ba a jan wuta ba abin da zai zube, ku tayar da shi ku sake gwadawa. Aka tayar. Wannan ƙaramin mai dariyar ne ya riƙe mitar. Ta sauka ƙasa da 190 a nan bakin rijiya, tun ba a gangara mita sittin ɗin ba. Ba wanda ya yi dariya. Muka sauya waya zuwa mai kauri mai lamba 4, yau wata takwas sumon ko tari bai yi ba.

Ni fa na san doguwar hanya tana son waya mai kauri, kowane mai aikin wuta ya sani. Amma da ido nake yi, kuma 215 ɗin nan da na gani ita ta rufe min ido har na yi asarar sumo biyu, na kuma zagi bawan Allah a shagonsa ba da haƙƙinsa ba.

Da ya gama bautar ƙasa na ba shi dubu ashirin kuɗin mota na sallame shi. Ban ce ya zauna ba. Jiya da daddare bayan na karanta maganarki na lalubo lambarsa. Yana kasuwar Farm Centre yana taya wani ɗan uwansa sayar da caja da gilashin waya.

Ɗana zai tafi in sha Allahu, amma sai mun je ni da shi ranar Litinin mun ga ɗakin injunan nan kamar yadda Malam ya ce. Na kuma gaya masa duk hutu da duk yajin aiki a shago zai yi su. Ɗan Panteka ka yi haƙuri ban bi taka ba, amma dogon hutun farko zan turo maka shi ya koyi walda, kada ka raga masa.

Shi kuma wancan ɗan bautar ƙasar ya ce zai zo ranar Asabar mu yi magana, kuma a nan na cije. Babban yaron shagona shekararsa goma sha ɗaya a wurina, da mata da 'ya'ya uku. Wannan kuwa har ya bar mu in ya ɗaure waya sai an bi an sake ɗaurewa. In na yanka masa albashi sama da na babban, shago zai kama da wuta. In na yi masa ƙasa, ban ga abin da zai raba shi da Farm Centre ba. Waɗanda suka taɓa ɗaukar injiniya a ƙaramin wuri irin nawa, yaya kuka yi?